Rabin Ginshiƙin Abu Ziyad

Tun ina saurayi nake gyaran agogo a shagon da ke kallon na Abu Ziyad, kuma ban taɓa ganin ya sha gahawar da ba shi ya dafa ba. In an miƙa masa finjali a gidan biki ko na makoki, sai ya karɓa, ya sunsuna, ya ajiye a gefen ƙafarsa. Ba wai wani ya taɓa cutarsa ba ne, haka Allah ya yi shi. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da kake nema. In ka wuce shiru, ya ce an kai maka gulmarsa. Agogonsa ma in ya kawo gyara, a kaina yake tsayawa har in gama, wai kada in musanya masa kayan ciki. Raina ya sha ɓaci da mutumin nan, amma gahawar da yake soyawa babu irinta a garinmu, shi ya sa muke haƙuri da shi.

Abu ɗaya ne ya yarda da shi a duniya, allon da ke saman ƙofarsa. Katako ne kore, da rubutun ruwan zinariya, tun zamanin mahaifinsa: "Gahawar Hajji Nimr da 'Ya'yansa". 'Ya'yan su biyu ne, ƙanen ya rasu, saura Abu Ziyad. Duk Juma'a shi da kansa yake hawa tsani ya goge allon. Rubutun Larabci ne, ya faro daga dama, ya ƙare a hagu, don haka "da 'Ya'yansa" ta sauka daidai kan ginshiƙin dutsen da ya raba shagonsa da na maƙwabcinsa, Abu Jiryis wanzami.

Iyayensu ne suka gina shagunan tare, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, suka yi ginshiƙi guda don sauƙi. Abu Jiryis mutum ne mai barkwanci, kuma shi ke yi wa Abu Ziyad aski tun suna da gashin kirki. Amma ko a kujerar askin, idon Abu Ziyad yana madubi yana bin aska.

Sai hukumar gari ta fito da doka. Allon shago ba zai wuce faɗin gaban shagon ba, kuma inda maƙwabta suka haɗa ginshiƙi, daga tsakiyarsa ake fara awo, kowa rabi. Layinmu ya rikice. An sauke allon mai falafel, ƙosan garinmu, an rage na mai magani. Allon Hajji Nimr kuwa ya rufe ginshiƙin gaba ɗaya, ko makaho ya shafa zai gane ya shiga rabon wanzami. Abu Ziyad ya daina cin abinci sosai.

Wadda aka turo awo wata injiniya ce, Rula, 'yar unguwar sama. Ta ja tef ɗinta daga bango har ƙarshen ginshiƙi, ta dubi allon, ta ce, "Naka ya zauna, Kawu. Allah ya ji ƙan Hajji." Ta wuce shago na gaba.

Wani zai yi hamdala ya raba wa layi zaƙin kunafa. Abu Ziyad tsallako titi ya yi, ya zauna a bencina yana muzurai. Me ya sa aka sauke na kowa aka bar nasa? Me ya sa ta yi murmushi? Kuma me ya sa wanzami, mai bakin da ba ya rufuwa, ya shige shago ya yi gum lokacin awon?

Bayan 'yan kwanaki matarsa ta kawo masa labarin da ya ƙarasa shi. An ga Abu Jiryis a zauren mahaifin Rula ana gobe awo, an zuba masa gahawa ya ajiye finjalin a ƙasa bai sha ba. Kowa a nan ya san mai ajiye finjali a gidan wani da roƙo ya zo, kuma ba zai sha ba sai maigida ya ce an biya masa buƙatarsa. An ce mahaifin Rula ya yi dariya, ya ce masa ya sha.

Abu Ziyad ya haɗa nasa lissafin. Wanzami ya roƙi ginshiƙin ne duka, an ba shi a ɓoye, shi kuma an lallaɓa shi da "naka ya zauna" har ƙura ta lafa. Daga baya ɗan wanzamin zai zo da allo mai wutar lantarki ya ce a ba shi wurinsa. Na ce masa ya je ya tambayi maƙwabcinsa mana, taku nawa ne tsakaninsu.

Ya ce, "In tambaye shi don ya gyara ƙaryarsa? Kai dai agogo ka sani."

Washegari ya sa jar hiraminsa ya tafi hukuma. Waɗanda suke wurin sun ce ya cika ofis da hayaniya, yana neman a sake awo, a turo wanda bai sha gahawar kowa ba, a bi doka yadda take ko gashi ɗaya kada a kauce. Aka ce masa to.

Suka turo wani dattijo marar magana, da alli a aljihu. Ya auna ginshiƙin, ya ja layi a tsakiyarsa, ya hau tsani ya ci gaba da jan layin har kan allon. Allin ya ratsa ta gaban "da 'Ya'yansa". Ya ce ko a yanke abin da ya wuce, ko a sauke allon duka. Abu Ziyad ya ce ai wannan ne makircin da yake faɗa. Rula tana tsaye a gefe, don an sa ta zo ta ga kuskurenta, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Kawu, Abu Jiryis cewa ya yi ba zai sha gahawar babana ba sai an bar maka rabinsa. Ya ce shi aski yake yi, kowa ya san ƙofarsa. Ya kuma ce kada a gaya maka, don in ka ji ba za ka karɓa ba."

Sai a lokacin muka ɗaga kai muka duba da kyau. Sabon allon wanzami, wanda ya kafa tun kafin awo, ya tsaya can nesa da ginshiƙin. Yana gabanmu kullum, babu wanda ya lura.

Wani kafinta ya zo da zarto bayan la'asar. Ban iya kallo ba, ƙarar kawai na ji, kuma ta ba ni tausayi duk da haushin Abu Ziyad da nake ji. Allon ya koma "Gahawar Hajji Nimr", da farin gefe inda aka yanke. Abu Ziyad ya rungumi guntun ya shige ciki. Juma'ar nan bai fito da tsani ba.

Gemunsa ya yi buzu-buzu kafin ya iya taka ƙofar wanzami. Ina can ana rage mini suma. Ya shigo ba sallama mai ƙarfi, ya zauna. Abu Jiryis ya zuba gahawa ya miƙa masa, shi kuma ya karɓa ya ajiye a gefen ƙafarsa.

Wanzami ya daɗe yana kallon finjalin, almakashi a hannu. Ya ce, "To maƙwabci, yau ka ɗaure ni. Da roƙo ka zo, ko tsoron abin da na zuba ne kamar kullum?"

Abu Ziyad bai ɗago ba. Ya ce da roƙo ne, a yafe masa.

"Sha gahawarka."

Ya ɗauka, bai sunsuna ba, ya shanye. Ta tagar shagon ana hango ginshiƙin, da layin alli a tsakiyarsa, rabi guda tsirara babu sunan kowa.