Wistin, Direban Jar Bas

Wistin Portelli shi ke tuƙa jar bas ɗin nan mai hawa biyu, wadda samanta babu rufi, yana zagayawa da baƙi a tsibirinmu na Gozo. Ni kuwa tikiti nake sayarwa a bakin tashar jirgin ruwa ta Mġarr, inda yake tashi kuma yake saukewa, don haka na fi kowa ganin fuskarsa. Yakan ce da ni, "Ċetta, wannan ba tuƙi ba ne. Ko ina na miƙe, kafin inji ya yi zafi na iske teku."

Tun yana saurayi ya so barin nan. Shi da wansa Kelinu tare suka nemi izinin zuwa Ostireliya, tare suka samu. Ana gab da tafiya mahaifinsu ya faɗi a gonar tumatir, ɓarin jikinsa ya shanye. Kelinu ya ce bari ya yi gaba ya nema musu wuri, in tsoho ya ji sauƙi Wistin ya biyo baya. Tsoho ya daɗe a kwance kafin ya rasu. Ba a jima ba uwarsu Salvina ta fara mantuwa: ta ɗora tukunya ta fice, a tsinto ta a gindin coci da takalmi ƙafa ɗaya. Wistin bai yi aure ba. Da safe ya yi mata wanka, ya bar ta wajen maƙwabciya, ya kama sitiyari. Hanyar kullum ɗaya ce: ganuwar Rabat, duwatsun Dwejra, fadamun gishirin Marsalforn, jan yashin Ramla, sai kuma Mġarr. Baƙin sun toshe kunne da na'ura suna sauraren tarihi, ba mai ce masa komai sai in ana neman banɗaki.

Wata shekara, farkon Satumba, sai ga Kelinu ya sauko daga jirgi, ya yi tumbi, ya ɗora malafa, matarsa 'yar can tana biye. Ya rantse sai ya shiga motar ƙaninsa kafin ya je gida. Ya hau sama yana ɗaukar hoto kamar ba a nan aka yanke cibiyarsa ba.

Abin da ya biyo baya Wistin ne ya ba ni labari. A Xagħra suka tarar ana bikin cocin gari, 'yan badujala sun cika lungu. Gaba ba hanya, baya motar burodi ta toshe, barandar gidaje na neman gogar gilashi. Wistin ya kashe inji. Kelinu ya sauko yana fifita da malafa.

"Kai, ƙanena, a aljanna kake zaune ba ka sani ba!"

"To mu yi musaya mana, Yaya."

Kelinu ya bushe da dariya.

"Ba wasa nake ba," in ji Wistin. "Wata ɗaya kawai. Ka zauna da Mama, ni kuma in je in ga titin da ba ya ƙarewa a ruwa. Ko Sisili da ke nan kusa da mu ce, ta ishe ni."

Kelinu ya daina dariya. Ya kalli masu busa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Bari dai in gan ta tukuna."

Da yamma suka shiga gida. Salvina na zaune bakin taga tana ɓare wake. Kelinu ya durƙusa ya kama hannunta, ya ce, "Mama, ni ne."

Ta janye hannun, ta juya wajen Wistin. "Kelinu, wane ne wannan ƙaton? Ka ba shi cuku da burodi ya tafi."

"Mama, ai shi ne Kelinu. Ni Wistin ne."

"Wistin?" Ta taɓe baki. "Wancan da ya tsallake ya bar ubansa a kwance? Kar ka ƙara kiran sunansa a gidan nan."

Ashe ta daɗe tana kiransa Kelinu, yana amsawa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Kelinu ya yi ƙoƙari, ban rage masa ba. Washegari ya ce shi zai zauna da ita, Wistin ya je aiki hankali kwance. Rana ba ta yi tsaka ba maƙwabciya ta bugo waya: Salvina ta kulle kanta a banɗaki tana ihun ɓarawo ya shigo. Wistin ya bar baƙi a Ramla ya ruga gida. Tana jin muryarsa ta buɗe.

Mako na zagayowa Kelinu ya koma. Wistin ne ya kai su tasha. Suka rungumi juna, Kelinu na kuka yana cewa zai nemo gidan kula da tsofaffi mai kyau. Wistin ya ce ya bari, wa za ta yarda ya ba ta abinci?

Jirgi ya tashi, wani ya iso cike da baƙi. Wistin ya zo rumfata ya sha ruwa, ya tambaye ni ko akwai mai keken guragu a cikinsu, don ya sauke matakala.