Neman filin lilo tsakanin Kura da Bunkure

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya ranar Asabar ɗin makon jiya, mu uku a mota ɗaya: ni, da abokina da muka haɗa jari, da wani safiyo da ya ɗauko don ya duba mana ƙasa. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san maganar wurin shaƙatawar da muke son ginawa, irin mai lilo da jirgin ƙasan yara da ɗan tafkin kwalekwale, inda magidanci zai kai iyalinsa ranar hutu ko da Sallah. Fili a cikin birni ya fi ƙarfinmu, shi ya sa muka fuskanci kudu. Wurare uku za mu gani, biyu na dillalai, ɗaya nawa.

Gara in faɗa muku tun yanzu, ni na ukun na fito da shi a zuciya. Gonar mahaifina ce a wani ƙauye bayan Bunkure, tana hannun ƙaninsa aro tun rasuwarsa. Tun da maiɗakina ta rasu, 'ya'yana mata kuma kowace tana ɗakinta a wani gari, gidana ya yi mini faɗi. Kaɗaici na damuna, ba na ɓoyewa. Na ƙudurta idan aka kafa wurin a gonarmu zan gina ɗaki a gefe in koma can, in ƙarasa tsufana cikin hayaniyar yara. Abin da ya rage shi ne in buɗe baki in ce wa Baffa ina son gonata.

Titin Zariya da sassafe na manyan motoci ne, mu 'yan rakiya ne kawai. Muna wuce Kumbotso gine-gine suka fara ja da baya, kore ya fara shigowa, ga shi kuwa rani ne tsakiyarsa. A Kura muka tsaya karyawa. Gari ya riga ya tashi, injinan casar shinkafa na ta ruri, an shimfiɗa tamfol a gefen hanya ana baza shanya. Na sayi shayi da waina, wainar ta ƙanƙance kuɗinta ya girma, kamar komai a ƙasar nan. Abokina kuwa kula ya buɗe wadda uwargidansa ta cika masa da ƙwai da doya, yana ci yana mitar wai ta cika sa mai. Na dube shi kawai na kurɓi shayina.

Filin farko yana gaba da Kura kaɗan, a bakin babban titi. Fako ne fetal, jar ƙasa mai tauri, ko tsiron ciyawa babu, balle inuwa. Dillalin ya ce ai wannan alheri ne, an hutar da mu kuɗin sassabe. Na ce masa su kuma yaran da za su zo a huta musu da me, da rana? Amma safiyo ya zaga ya dawo ya ce ruwa ba zai kwanta a nan ba, ga turakun wuta kusa, ga wurin ajiye motoci, kuma mai fitowa daga birni ba sai ya yi tambaya ba. Abokina ya yi ta gyaɗa kai. Ni dai na ce a je a ga na gaba.

Na biyun yana wajen Kadawa, kuma in don ido ne da a nan aka tsaya. Kanal ɗin ruwan noman rani na gudu a gefensa, balbelu sun yi fari a cikin gonaki, shanun Fulani na tafe a kan gaɓa a natse. Safiyo ya sauka daga kan hanya ya taka, sai ƙafarsa ta nutse, ya zaro ta ba takalmi. Da rani ke nan, ina ga damina ta sauka. Abokina ya ce aƙalla an samu tafkin kwalekwale kyauta. Tumatir kuwa ya yi kwantai, kwanduna jere har sun toshe rabin hanya, wanda bai samu mai saye ba ana yanka shi ana shanyawa, ƙasa ta yi ja. Araha ta sa abokina ya cika bayan mota. Ya ce in ɗauki kwando, na ce wa zai dafa mini kwando guda? Fura da nono kawai na saya a wurin wata Bafillatana, na sha a tsaye.

Daga nan muka saki babban titi muka nufi Bunkure. Hanyar ba ta da laifi, sai ɗan guntun da ke shiga ƙauyenmu. Abin da ya taɓa ni shi ne sai da na yi tambaya. Gidaje sun cinye hanyar da na sani, na tsaya gaban wani shago ina neman kwatancen gonar ubana, mai shagon ya ce, "Baƙo daga ina?" Na ambaci sunayen waɗanda muka yi wanka a kanal tare muna yara. Wannan ya rasu, wancan yana kudu, wani kuma bai ma taɓa jin sunansa ba. Sai da na ambaci Baffa sannan ya miƙa hannu ya nuna.

Ba haka kawai na zaɓi wannan lokacin ba. A al'adarmu ba a karɓar gonar aro da amfani a tsaye. Sai an girbe, ƙasa ta zama wayam, sannan mai gona ya yi magana kafin a sake zuba iri, ba wanda ya ci zarafin wani. Na lissafa yanzu ake yankan alkama, na ce zan iso daidai kan gaɓa. Zaman birni ya mantar da ni cewa gonar kanal ba ta hutawa. Muka tarar ana yankan alkamar kuwa, amma a kusurwar gabas irin shinkafa da aka yafa ya riga ya yi kore shar yana jiran dashe, ga wasu fangaloli na albasa ba su nuna ba. Kafin a kwashe wannan an binne wancan. Gaɓar da na zo nema babu ita, kuma ba za a taɓa samunta ba.

Baffa ya taso daga ƙarƙashin mangwaro da sandarsa. Ya rame, amma muryar na nan. Muka gaisa, ya sa aka kawo mana tabarma da shinkafa da wake da mai da yaji. Safiyo ya ci ya tashi ya zaga gonar, ya dawo ya raɗa mini cewa duk cikin ukun babu kamar wannan: tudu ce, ga ruwa kusa, ga bishiyoyi, guntun hanyar kuma ba zai yi wuyar gyara ba. Abokina ma da ke son bakin titi sai ga shi yana zungurina wai in yi magana. Na buɗe baki sau biyu, abin da ya fito tambayar lafiyar iyali ce.

Baffa ne ya ja ni gefe zuwa bakin fangalin irin.

"Ɗana, na ga baƙonka yana taka gona yana dube-dube. Taka ce, ba mai ja da kai. In ka ce a tashi, a bar mu mu ga bayan shinkafar nan kawai."

Ya daɗe yana tsokanar ƙasa da sandarsa.

"Abu ɗaya nake tunani. Duk Juma'a nakan kira ka in ce an yi dashe, ko tsutsa ta shiga, ko an ɗauke ruwa. To in babu gonar, in na kira ka me zan ce maka? Ni ban iya hirar birni ba."

Ni duk zamanin nan na ɗauka rahoton gona yake ba ni, don kada in ce an ci amana. Ashe dubiya yake zuwa yi ta waya, gonar ce kawai abin da yake da shi na buɗe magana. Kuma in ban da 'ya'yana, shi kaɗai ne mai kiran nawa ba don wata buƙata ba. Na ce, "Baffa, ku ci gaba da nomanku. Zagayawa kawai muka fito yi."

A hanyar dawowa abokina ya yi ta mita har muka kusa Kura, sannan ya haƙura. Muka tsaya a fakon nan muka ce wa dillali mun yi na'am, za mu dasa bishiyoyi mu jira su. Da la'asar aka sauke ni a ƙofar gida, na buɗe da kaina, na tarar da komai inda na bar shi.

Ga mai neman irin wannan fili, abin da na koyo shi ne kada kore ya ruɗe ka, ka taka ƙasa da ƙafarka, ka tambayi halinta da damina, ka duba hanya da wuta kafin kyan gani. Ka kuma tambayi abin da wurin yake riƙe da shi kafin ka zo, domin wani filin ba amfanin gona kaɗai yake ɗauke da shi ba. Lilonmu zai tashi a bakin titi in Allah ya yarda, in riƙa zuwa da safe ina dawowa da yamma kamar kowane ma'aikaci. Ɗakin da na so ginawa dai babu shi, kuma abin da ciwo.

Jiya Juma'a Baffa ya kira ya ce an fara dashe. Da can "madalla, Allah ya ba da sa'a" nake cewa in ajiye waya. Wannan karon na ja kujera na zauna, na tambaye shi wane iri suka yafa bana.