Abarshi Tela da Saniyar da Ta Ƙi Komawa Gida

Abarshi ɗan manomi ne daga wajen Randagi, amma tun yana yaro aka gane fartanya ba ta karɓe shi ba. In aka kai shi gona, sai a tarar ya jingina da gindin kaɗanya yana ba ƙannensa labari, su ma sun ajiye aiki sun saki baki. Da ubansa ya gaji, sai ya tura shi Zariya wurin wani ɗan'uwansu ya koyi ɗinki, a daidai shekarun da aka sami 'yancin kai. Ya dawo Birnin Gwari da keken ɗinki a bayan babbar mota, ya kama shago kusa da kasuwa, ya auri Ladi, ya zauna.

Ɗinkinsa ba shi da makusa, wannan kowa ya yarda. Matsalarsa biyu ce, saurin fushi da labarin da ba ya ƙarewa. Mutum zai zo karɓar wandonsa, Abarshi ya soma masa labarin wani mayaƙi, har a kira sallah mayaƙin bai gama ɗaura sirdi ba.

Wajen ƙarshen mulkin soja na wancan lokacin aka kawo wani ɗan bautar ƙasa mai suna Abdulsalam ya koyar a makarantar garin. Ya kawo kakinsa a rage masa tsawo, ya zauna ya sha labari har ya gaji, sannan ya ce, "Malam Abarshi, akwai wasan da muke yi a jami'a, kamar don kai aka ƙirƙiro shi." Ya ciro ƙwayar ludo daga aljihu ya yi masa bayani. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ƙwaya: ta fito da yawa ya yi nasara, ta fito kaɗan ya sha ƙasa. Suka gwada su biyu a kan teburin yanka, da maɓallai a matsayin mutane, da allin tela aka zana hanya. Abarshi ya ji kamar an buɗe masa wata ƙofa. Ba a daɗe ba Abdulsalam ya gama hidimarsa ya tafi, ya bar masa ƙwayar.

Saura 'yan wasa, saura kuma labarin da za a fara da shi. 'Yan wasa ba su yi wuya ba, don akwai mutum uku da ba sa rabuwa da bencin shagonsa ranar kasuwa: Wakili mai goro, Nababa mahauci, da Solomon, wani manomi dattijon coci da ke zuwa daga Kazage a kan kekensa. Babu wanda ya taɓa jin irin wannan wasa a cikinsu. Labari kuwa, Abarshi ya zaɓi mafi girman abin da ke kansa, wani birnin aljanu a ƙarƙashin dajin Kamuku, mai ƙofofi da sarauniya da rijiyar da ke magana. Ya yi makonni yana tsara shi, rigunan mutane na jibge.

Ranar da aka fara, bayan la'asar, ya share tebur, ya ba kowa maɓallinsa. Ya ce Solomon maharbi ne, Nababa jarumi, Wakili kuma ɓarawo mai wayo.

"Ni?" in ji Wakili. "Jikan malamai? Tela, ka nemi wani."

"Ba kai ba ne, na cikin labarin!"

"Da bakina zai yi magana ko da naka?"

Aka mayar da shi farke, aka ci gaba. Abarshi ya sassauta murya. "Kun isa bakin wani kogo a tsakiyar daji. Ciki duhu, iska mai sanyi na fitowa, kuna jin kamar ana kiɗa can ƙasa. Me za ku yi?"

Suka dubi juna. Solomon ya ce, "Mu koma gida mana."

"Ku koma gida?"

"To wa ya aike mu? Mutum da hankalinsa ya ji kiɗa a cikin rami ya shiga?"

Wakili ya ce gaskiya ne, abin da ya kamata shi ne a je a shaida wa dagaci. Nababa ya goyi baya. Abarshi ya ce babu dagaci a labarin. Suka ce wane irin gari ne ba dagaci? Dole ya ƙirƙiro dagaci nan take, suka je suka gaishe shi, suka tambayi iyali, suka tambayi damina, Solomon ya kawo ƙarar birai da ke masa ɓarna a masara. Har aka kira magariba ba wanda ya taka ƙofar kogon. Abarshi ya goge allin da hannun rigarsa, ya rufe shago bai yi wa kowa sallama ba.

Kasuwa ta zagayo ya sake gwadawa. Wannan karon ya sa sarauniyar aljanu ta sace ɗan dagacin, don su rasa hanyar zillewa. Solomon ya ce maharbinsa ba zai samu zuwa ba, yana da noma na biyu.

"Maharbin cikin labari ba shi da gona!" in ji Abarshi, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"To me yake ci?"

Ana cikin haka sai ga limamin unguwa, don wani ya kai masa labari cewa ana caca a shagon tela. Aka ba shi wuri ya zauna, ya ce su ci gaba yana kallo. Ya ga an jefa ƙwaya don a san ko Wakili zai iya tsallake wani rafi, ya ga Wakili ya faɗa ruwa, ya ji an kwashe tsawon lokaci ana gardamar ko goron da ke buhunsa ya jiƙe. Liman ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Allah gafarta Malam, ka ga ba caca ba ce ko?" in ji Abarshi.

"Ba caca ba ce," in ji Liman. "A caca ko banza akwai wanda ke ci. Ku dai kada ku bari sallah ta wuce ku."

Wannan magana ta fi zagi ciwo a wurin Abarshi. Ya ce to, tunda aljanu ba su motsa su ba, bari ya kawo musu yaƙi. Ya zaɓi labarin mahara da suka kewaye gari, ya tura Nababa gaba da takobi. Nababa ya jefa ƙwaya, ta fito ɗaya. Ya sake, ɗaya. Abarshi, da yake ransa a ɓace yake tun tuni, ya ce, "Kibiya ta same ka a wuya. Ka mutu." Ya ɗauke maɓallin ya jefa cikin gwangwani.

Nababa ya ce, "Na mutu? Yanzu fa na zauna."

"Haka ƙwaya ta ce."

"Kai ka faɗa da bakinka, Tela. A gaban mutane ka yi mini fatan mutuwa." Ya tashi, ya zare yadinsa da ke jiran ɗinki daga kan igiya, ya kai wa wani tela a ƙarshen layi. Ya daina zama a bencin, in ya zo wucewa sai ya kau da kai.

Ranar Abarshi ya koma gida yana faɗa shi kaɗai. Ladi na tankaɗe a tsakar gida, ta bar shi ya zazzage duka: mutanen nan ba su da tunani, an ba su birni guda sun tsaya gaisuwa, an ba su yaƙi sun yi fushi.

"Malam," ta ce, "ran da ka isa Zariya, babbar riga aka miƙa maka ka yi wa aiki?"

"Zariyar wando na yi ta ɗinkawa har na tsane ta. Me ya kawo wannan?"

"Ba komai. Ni dai da za a ce mini saniyar maƙwabciyarmu Inna Fatsuma ta ɓace, ko ina kan tuwo zan fita nema. Ɗan dagacin da aljanu suka sace kuwa, Allah ya bayyana shi."

"Saniya!" in ji Abarshi. "In bar sarauniya in koma kiwon saniya?" Ya shige ɗaki. Amma maganar ta bi shi har kan keken ɗinki, ta hana shi sakat. Ya yi ta aunawa yana tsaki. Abin da zai yi wa waɗannan mutane sai ya zama gajere, a fara bayan la'asar a gama kafin magariba. Sai ya zama abin da suka san zafinsa, don kada su tambaye shi wa ya aike su. Kuma kada kowa ya mutu, tunda ya ga abin da mutuwa ta jawo masa.

Da kasuwa ta zagayo ya zana wa Wakili da Solomon abu kaɗan: bakin gari, rafi, gefen daji. Ya ce da murya irin ta wanda aka tilasta, "Wata tsohuwa ce, saniyarta ɗaya tak, ta tsinke igiya ta shiga daji. Hadari ya haɗu. Me za ku yi?"

Solomon ya gyara zama. "Tana da ciki?"

Abarshi bai shirya wannan ba. "E, tana da ciki."

"Kai! To ai ba zama. Wakili, ɗauko igiya. Ta ina sawun ya bi?"

Abarshi ya bi su da kallo. Mutanen da suka ƙi shiga birnin aljanu, ga su suna rige-rigen jefa ƙwaya don tsallake rafi. Wakili ya sake faɗawa ruwa, bai ko tambayi goronsa ba. Masu wucewa suka tsaya, har wani mai gyaran keke yana ba da shawara daga baya. A gefen daji Abarshi ya fito musu da kurar da ya tanada, yana murna za a yi artabu a ƙarshe. Solomon ya ce ba wani artabu, su buga gwangwani su yi ihu. Ya jefa ƙwaya, ta fito shida. Kura ta ranta a na kare, aka kamo saniya, aka mayar wa tsohuwa, ladan bai ko taɓa lasifika ba. Wakili har da share gumi.

Abarshi ya yi zaton daga nan za a hau zuwa manyan labarai. Ina! Mako na gaba suka ce saniya suke so. Ya ba su jaki, suka karɓa da ƙyar. Ya ba su tunkiya. Duk lokacin da ya soko wata sarauniya ta gefe, sai Solomon ya ce, "Tela, bar wannan, dabbar mutane na daji."

Ana haka wata rana sai ga Nababa ya dawo, don ɗaya telan ya ɓata masa riga, labarin saniya kuma ya cika layin mahauta. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce zai yi wasa, amma da sharaɗi.

"Faɗi, Sarkin Fawa," in ji Abarshi.

"Ni ne saniyar."

"Saniya ba ta cikin 'yan wasa!"

"Na lura ita kaɗai ce ba ka isa ka kashe ba. In ta mutu labarinka ya watse."

Mutane suka goyi bayansa, Abarshi ya miƙa masa babban maɓallin kwat yana huci. Wakili da Solomon suka bi sawu, suka tsallake rafi, suka tarar da saniya a wani fadama tana kiwo. Solomon ya ce ya jefa mata igiya.

"Na kauce," in ji Nababa. Ya jefa ƙwaya, ta ba shi.

Wakili ya ce ya miƙa mata dusa.

"Na ƙoshi. Ciyawar nan ta fi ta gidan tsohuwa."

"Hadari fa ya taso!" in ji Abarshi.

"Saniya na tsoron ruwa ne?"

"Akwai kura!"

"Ta zo. Mahauci ne ni, na san inda zan tunkuye ta."

"Kai saniya ce, ba mahauci ba!"

Shago ya kaure da dariya. Suka yi lallashi, suka yi dabara, Solomon har waƙar yarensu na Gbagyi ya rera mata, ƙwaya kuma kamar an haɗa baki da ita, duk jifan Nababa sai ta ba shi. Aka kira magariba saniya na fadama. Nababa ya miƙe yana gyara hula, ya ce bai taɓa jin daɗin yini irin na yau ba, gobe zai aiko da yadi a yi masa riga. Abarshi ya rantse ya bar wasan nan har abada, ya cusa ƙwayar can ƙasan gwangwanin maɓallai.

Rantsuwar ba ta kai kasuwa ta gaba ba, sai da ya yi kaffara. Ya ci gaba da riƙe teburin nan shekaru masu yawa, har idonsa ya raunana ya bar wa ɗansa keken. Mutane kan zo daga Randagi da Kazage, su gama cinikinsu su tsaya a ba su maɓalli. Duk sabon zuwa da dabbar da ta ɓace ake fara masa, Abarshi na zana rafi yana mita, yana cewa Allah ya haɗa shi da mutanen da ba su san darajar labari ba. A garin aka daina ce masa Abarshi tela, sai Abarshi mai cigiya. In yara suka kira shi da sunan daga nesa, yakan ɗaga almakashi ya yi musu barazana, sannan ya juyo ga wanda ke zaune a gabansa ya ce, "To, kai kuma muna jinka. Ga sawu ya rabu biyu. Me za ka yi?"