Bugun da Ladi Ba Ta Sauke Ba

Duk wanda ya taɓa shiga cocin 'yan Arewa da ke unguwar Bronx, can ƙasar waje, ya san Ladi. Ita ce mai buga tulu a Zumuntar Mata, ƙaton tulun nan da ake dukan bakinsa da soso ya ce "dum" har cikin hanjin mutum. 'Yar Kafanchan ce, gajera, kakkaura, ga baki kamar reza. Abin da take ci da shi kuwa kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, da sauraron labarin da aka riga aka ba ta jiya da shekaranjiya.

A shekarar 2014 aka tura ta wajen wani tsohon Bature a unguwar Harlem, malamin fiyano, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun hagu. Sunansa ya fi ƙarfin harshenta, sai ta raɗa masa Baba, shi kuma bai kai ƙara ba.

Kullum da la'asar Baba yakan zauna ya yi kiɗa da hannu ɗaya, ƙafarsa a kan matakin da ke sa sauti ya daɗe bai mutu ba. Kiɗan ba ya gaba, ba ya baya, sai narkewa yake cikin kansa kamar hazo a kan rafi.

"Baba, wannan waƙa ce, ko famfo ne yake yoyo?" in ji Ladi.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce tun zamanin kakanninsa makaɗan Faransa suka ji mutanen tsibirin Jawa suna kaɗa kwanonin tagulla a wani baje koli a Paris, abin ya shiga ransu, suka koya wa fiyano yin wannan murya. Shi ma da ƙuruciya ya je Jawa, ya dawo ya tsara nasa. Ya ce a can kiɗa kewaye yake yi, kamar akuya a turke, kuma ba ya ƙarewa sai an bugi wani babban faifan tagulla mai kakkaurar murya a ƙasa.

"Hannuna na hagu ne faifan, ga shi ya riga ni tafiya," ya ce. "Ara mini naki."

Haka Ladi ta sami ƙarin aikin da ba ya cikin takardar aiki. Takan tsaya a gefen hagunsa, in kiɗan ya kewayo ta danna maɓalli na can ƙarshe, "dummm". Mai tulu ai ba a koya mata jira.

Wata Talata cikin hunturu, kiɗan ya kewayo, ta ɗaga yatsa, sai hannun Baba ya zame daga kan fiyano. Ta yi kansa, ta kira motar asibiti. Kafin su iso rai ya yi halinsa.

Baba ya tafi, kiɗan bai bi shi ba. Yana cikin kunnen Ladi. Ya hau, ya sauka, ya iso daidai inda za ta danna, sai ya tsaya yana jira, sannan ya koma farko. A jirgin ƙasa haka, a kicin haka. Ta sha magani, ta yi azumi. Wata tsohuwa da aka ba ta ta kula da ita bayan Baba, wadda ta manta sunan 'ya'yanta ma, ta dube ta ana cikin wanka ta ce, "Wa ya bar rediyo a kunne?" Babu rediyo a gidan.

Abin da ya fi ci mata rai, ranar Lahadi ta ɗaga soso za ta bugi tulu, hannun ya sandare a sama. Mata suna waƙa, ƙasan waƙar wayam.

"Ladi, mutum-mutumi muka ɗauko?" in ji Mama Filomina, shugabar Zumunta. "In sati mai zuwa haka ne, sai dai ki miƙa soson nan."

Ladi ba tare da tulu ba, ai miya ce ba gishiri. Ranar Asabar da hantsi ta kama hanyar Harlem, ko mai gadin ginin da Baba ya zauna zai bar ta ta hau wajen fiyanon. Ba ta ma kai ga roƙo ba. Ga fiyanon a bakin titi, an naɗe shi da barguna, masu kwasar kaya suna shirin kai shi juji, tunda magada sun ce ba su da wurin ajiye katako. Babbansu Braimah ne, mutumin Zangon Kumasi, yana zaune a bakin mota yana share gumi cikin wannan sanyi.

"Ɗan'uwa, buɗe mini bakinsa. Abu ɗaya zan taɓa."

"Antie, taɓa goma ma," ya ce, bai ko tambayi dalili ba. "Ni dai ban ƙara sa mishi kafaɗa."

Ya yaye bargon da ɗan yatsa, ya ja da baya. Ladi ta tsaya a gefen hagu, inda ta saba. Ba ta danna nan take ba. Ta rufe ido, ta bar kiɗan ya hau, ya sauka, ya kewayo, ya iso ya tsaya.

"Dummm."

Sautin ya bi titi yana sirancewa har ya ɓace. Sai ta ji ƙarar bas, ta ji tattabaru, ta ji wani yana zagin wani da Faransanci. Ba ta taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba.

Braimah ya kara kunnensa a jikin katakon, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Ya yi shiru," ya ce. "Tun daga bene na sama abin nan ke gunji a wuyanmu. Yarana sun ce wayoyin ciki ne ke rawa. To wace waya ce ke tsayawa ta jira?"

Ladi ta rufe bakin fiyanon. Ta mayar da bargon, ta gyara shi sosai kamar yadda take lulluɓe Baba.

Har yau ita ke riƙe da soson. Sai dai ko Fasto ya ɗaga hannu ya katse waƙa a tsakiya don lokaci ya ƙure, Ladi sai ta sauke bugunta na ƙarshe. Ya yi magana har ya gaji. Ta ce masa, "Fasto, yi haƙuri. Ba ka san wa ke jira ba."