Yadda Na Raba Wa Tagwayena Shimfiɗa

Ina da shekara ashirin da ɗaya Allah ya ba ni tagwaye, duka mata, kuma su ne haihuwata ta fari. Ni 'yar Gummi ce, aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Anka. Maigidana manomi ne, amma a shekarun nan duk namiji mai ƙarfi a garin ya shiga aikin dutsen zinari. Su haƙo shi a daji, a kai inji a niƙa, kowa ya kawo garinsa gida kafin a je wankewa. Ɗakinmu ɗaya ne, kuma maigida ba ya yarda ya bar kayan nan a tsakar gida, sai ya jingine buhunan a ciki, jikin bango ta bayan ƙofa. Ban ga aibun haka ba, don kusan kowane gida haka ake yi.

Bayan suna maigida ya sa kafinta ya yi wa yaran ɗan gadon katako, suka riƙa kwana tare a ciki. Babbar rigimammiya ce, motsi kaɗan ta farka ta tsala ihu. Ƙaramar kuwa sai a ajiye ta a manta, ta sa yatsa a baki ta yi ta kallon rufin ɗaki. Da suka kai wata bakwai gadon ya yi musu kaɗan. Babbar ta riƙa shurin ƙanwarta tana tashe ta, su haɗu su yi ta kuka, ni kuma ga daka ga girki, barci ya gagare ni dare da rana. Ana cikin zafin bazara sai na yanke shawarar raba su. Na bar rigimammiyar a gado don kada ta rarrafa ta fita, mai haƙurin na shimfiɗa mata tabarma a ƙasa kusa da buhunan, wai nan ya fi sanyi. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba, har na yaba wa kaina dabara.

Ba a jima ba Inna, mahaifiyata, ta zo ganinmu. Tana shiga ɗakin ta shafa tabarmar, ta dubi tafin hannunta ya yi fari fat. Ta ce in mayar da ɗiyar nan gado wurin 'yar'uwarta, in kuwa ba zai ɗauke su ba, to a fitar da buhunan nan daga ɗaki, ita wanga garin dutse bai kwanta mata a rai ba. Na ce mata ƙura ce kawai, kullum ina sharewa. A zuciyata na ɗauka irin canfin tsofaffi ne na cewa ba a raba tagwaye. Ta yi wa maigida maganar, ya ce insha Allahu zai duba, bai duba ba, ni ma ban sake tuna masa ba. Har yau ina jin muryarta ranar da za ta koma, tana ce mini ita dai ta faɗi nata.

Wajen wata biyu ƙaramar tana kwana a wurin. Ta koyi rarrafe, ta dafa buhu ta miƙe, ta mayar da yatsa baki. Sai ta fara ƙin nono, ga amai, ga yawan barci. Da yake dama shiru gare ta, na daɗe ban gane ciwo ne ba. Wata ranar Laraba da hantsi ina tankaɗe na ji babbar tana wani irin kuka, na shiga na tarar da ƙanwarta a kan tabarma tana jijjiga, idanu sun kakkafe. Makwabta suka ce iska ce, muka karɓo rubutu da hayaƙi, kwana huɗu babu sauƙi. Sannan muka kai ta asibiti a Anka. Da aka auna jininsu su biyun, wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta ce gubar dalma ce, daga garin dutsen take fitowa. Duka biyun suna da ita, amma ta ƙaramar ta yi yawa ƙwarai. Ta tambaye ni yaya aka yi tagwaye masu shan nono ɗaya a ɗaki ɗaya suka bambanta haka, ina kowacce take kwana. Nan take tabarmar nan da ke kusa da buhunan ta faɗo mini a rai.

Kwananmu uku a asibiti ƙaramar ta cika a kan cinyata. Inna ce ta yi mata wanka, kuma har Allah ya karɓi ran Inna ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba. Maigida ya fitar da buhunan da hannunsa, daga baya aka kwashe ƙasar ɗakin aka zuba sabuwa. Babbar ta sha magani ta rayu. Yanzu ta zama budurwa, sai dai karatu yana yi mata nauyi, abin da aka koya mata yau gobe sai an sake.

Na san kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi, malamai sun sha faɗa mini, na kuma yarda. Amma na san gajiya ce ta sa na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi, na ba mai kuka wuri mai kyau, na bar wadda ba ta iya ƙorafi a ƙasa. 'Yan'uwana mata, musamman masu goyon biyu, idan gado ya yi wa yaranku kaɗan ku duba da kyau inda za ku kwantar da kowane. Kada a shigo da dutse ko garinsa inda yaro yake kwana, komai darajarsa. Yaron da ya fi shiru kuma a riƙa leƙa shi, don ba zai kira ku ba. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, Allah ya yafe mini sakacina, ya sada ni da ɗiyata.