Cikin da aka ce ya kwanta

Shekarun baya, sa'ad da nake sayar da atamfa a kasuwar Adjamé ta Abidjan, marata ta fara ɗagowa. Lokacin shekarata biyar da aure ban taɓa ko ɓari ba, don haka mahaifiyata na ganin ina kwance zani ina sake ɗaurawa sai ta hau murmushi. Abu ɗaya ne ya hana lissafin tafiya daidai: jinina bai ɗauke ba. Ƙaruwa ma ya yi, sai in yi kwana goma ina zuba.

Na tambaye ta yadda mai ciki za ta riƙa ganin al'ada. Ta ce, "Ke ɗiyan Abidjan ba ku san komi ba. Kwantaccen ciki ne. Ƙanwar tsohuwata a Damagaram shekara uku nata ya yi kwance, kuma ta haifi ƙaton namiji."

Ni tun ina ƙarama an san ni da shegen tambaya, amma wannan amsar ban tone ta ba, domin ta yi mini daɗi. Aka shiga aikin tada ciki. Duk saƙe-saƙin da matan gidan hayarmu na unguwar Williamsville suka kawo sai na jiƙa na sha, har da wanda ɗacinsa ke sa ni hawaye. Nakan ɗora hannu a mara in ji abu da tauri, in ce a raina kansa ne. Wata goma sha huɗu muka yi a haka.

Wata ranar kasuwa jiri ya kayar da ni a kan atamfofina. Mijina ya ce wannan karon babu shawara da kowa, sai asibiti. Muka haye gada zuwa asibitin unguwar Treichville, mahaifiyata na biye da mu tana jan carbi.

Likitar mace ce. Ta duba cikin idona ta ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, sannan ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki ta yi hoto. Na ƙura wa allon ido ina neman hannu ko ƙafa. Ta nuna mini dunƙule uku, ta ce fiburom ne, wato ƙari a mahaifa.

A nan tambayata ta dawo. Ciwon daji ne? Ta ce a'a, naman mahaifar ne da kansa yake tsirowa ya dunƙule, kuma mata da yawa na da shi ba su ma sani ba. Wani abu na ci? A'a. To, me ya sa ba za a ba ni magani ya narke ba? Ta ce ƙananan da ba sa damun mutum sa musu ido kawai ake yi, magani kuma yakan rage zubar jini, amma nawa sun girma. Sai an gyara jinina tukuna, a yi aiki a cire su, a yi ƙoƙarin bar mini mahaifata.

Ina fassara wa mahaifiyata, sai ta dafa ni ta ce, "Ki ce ma lokotoro ta duba da kyau. Ko yaron na ɓoye bayansu?"

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta sake zagaya na'urar a hankali, lungu-lungu, har tsohuwar ta gani da idonta.

An yi aikin lafiya, mahaifata na nan. Da na farfaɗo na nace sai an nuna mini abin da aka ciro, don ban yarda in yi dakon abu fiye da shekara ban ga kamanninsa ba. Babban ya kai lemun zaƙi. Har taɓawa na so yi aka hana ni. Mahaifiyata kuwa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a hankali, "Ashe wannan nike ma addu'a kowace salla."

Yau duk wadda ta ce mini cikinta ya kwanta, ba na musu da ita, raka ta hoto nake yi. Abin da har yanzu nake mamaki shi ne baƙin cikin da ya biyo bayan sauƙin. Mutane suka yi ta zuwa barka da arziki, mu kuwa ni da mahaifiyata kewar wani yaro muke yi wanda bai taɓa wanzuwa ba, kuma babu wanda ya san ya kamata ya ce mana mu yi haƙuri.