Hular da aka yi wa fenti

Shekarun baya, kafin gwiwa ta hana ni hawa tsani, ina aikin haɗa bututu a wani injin gyaran shinkafa da ke kan hanyar Wamakko. Ni da abokina muke tafiya kullum a babur ɗinsa daga Runjin Sambo. Shi ke tuƙi, ni kuma ina baya ina tunanin ko na kulle ɗaki. Tun ina firamare haka nake. Shi ya raɗa mini Malam Waswasi, sunan ya bi ni har wurin aiki.

Murfin da ake toshe bakin bututu da shi, mu hula muke ce masa. Akwai wadda ake yi wa walda, ta zauna ke nan har abada. Akwai mai zare da ake murɗawa a ƙananan bututu, akwai faifan ƙarfe da ake ɗaurewa da notuna idan ana so a buɗe wata rana. Sai ta roba, wadda bututu ke zuwa da ita daga kanti don kada ƙasa ta shiga. Ita wannan ba ta riƙe komai. Amma duk hula ce a bakinmu.

An ja sabon layin bututu zuwa tukunyar tururi. Masu fenti suka zo suka bi shi da baƙin fenti tun daga farko har ƙarshe, suka shafe duk abin da suka tarar. Ranar gwaji da iska, maigidanmu ya tsaya gaban kwamfaresa, injin da ke hura iskar, ya ɗaga murya:

"An sa hula can ƙarshe?"

Wani ya hango daga nesa ya ce an sa. Kuma bai yi ƙarya ba.

Ni ina ɗaya gefen, durƙushe gaban hular da na yi wa walda da hannuna. Na duba ta da safe, na sake dubawa bayan azahar, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Abokina ya wuce ni riƙe da robar ruwan sabulu da ake gane yoyo da shi, yana dariya.

"Malam Waswasi, mi kaka nema ga wagga hula? Aurenta za ka yi? Taho mu tai can."

Na ce masa ya yi gaba, ina zuwa.

Aka kunna iska. Ban fi ƙwanƙwasa biyu da sifana ba na ji ƙara kamar tayar tirela ta fashe. Sai salati.

Hular can ƙarshe ta roba ce. Fenti ya bushe ya manne ta, ya kuma mayar da ita kamar ƙarfe a ido. Ta riƙe iskar na ɗan lokaci, daidai lokacin da abokina ya sunkuya zai zuba ruwan sabulu, ta tashi da tsakuwa da ɓurɓushin walda da ke cikin bututun. Na same shi zaune a ƙasa, tafinsa a kan idon hagu, jini yana bin gwiwar hannunsa. Bai yi kuka ba. Cewa kawai yake:

"Duba min, shina nan? Kai ka iya dubawa. Shina nan?"

Na kasa ɗaga hannun nasa. A asibiti aka ɗaga. Idon bai tsira ba.

Mahaifiyarsa ta ce ƙaddara ce, na kuma yarda. Mutane suka yi ta ce mini waswasina ne ya cece ni, da na bi shi da mu biyu ne. Ban taɓa jin daɗin wannan maganar ba. Duk tsoron da nake ɗauke da shi tun ina yaro, ranar da ake bukatarsa yana durƙushe a gaban hular da ba ta da laifi.

Har yau idan aka ce mini an rufe abu, sai na tambaya da me aka rufe. Yara a gida sun gaji da ni.

Abokina ya bar aikin, yana sayar da kayan famfo a Ƙofar Kware. Nakan leƙa shi ranar Juma'a. Bai daina tsokanata ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Sai dai wani lokaci nakan manta in zauna ta hagunsa, sai ya ce:

"Zagayo dama, Malam. Nan ba ni ganin ka."